Tagwayen Mista Trevorrow

Duk garin da Allah ya so da rahama yakan ba shi mutum guda da ya fi ƙarfinsa. Wani garin a ba shi likita, wani a ba shi mawaƙi. Wirrabinda kuwa, garin da ba shi da komai sai alkama da tumaki da ƙuda, sai aka gwangwaje shi da Mista Lindsay Trevorrow, Shugaban Ƙungiyar Masu Tara Tsofaffin Kuɗi. Shi ya kafa ƙungiyar. Shi ya rubuta dokokinta. Shi ne kuma mutum ɗaya tilo da ya taɓa karanta su.

Da can shi ne shugaban tashar jirgin ƙasa. Saura shekara shida ya yi ritaya jirgi ya daina tsayawa a garin, sai dai ya wuce fuu da alkamarsa. Wannan bai hana Mista Trevorrow fitowa kullum da hula da usur ya ba shi izinin wucewa ba. Kuma a yi masa adalci: ba a taɓa samun jirgin da ya ƙi bin umarninsa ba.

Mutum ne dogo, mai tafiya kamar an ɗora masa tulu a ka. A wuyansa akwai sarƙa, a jikin sarƙar akwai ɗan gilashin nan da ke ƙara wa abu girma. Da shi yake zuwa coci, da shi yake zuwa jana'iza. Ba ya taɓa kwabo sai da farar safar hannu, ba ya kuma yanke hukunci sai ya rufe da cewa, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Don haka 'yan ƙungiya suka laƙaba masa Ido-Mudu a bayan idonsa. Ranar da sunan ya kai kunnensa bai yi fushi ba. Ya ɗauka sarauta ce.

Asabar ɗin farko ta kowane wata, bayan azahar, mutum goma sha ɗaya sukan hallara a zauren tsofaffin sojoji. Goma shayi da kek mai kwakwa ke kawo su. Na goma sha ɗayan jawabi ke kawo shi.

"Ku buɗe kunne, jama'a," in ji shi, "don ba kullum ake samun irina yana bayani kyauta ba. Kowane kwabo da hatimin ƙarfe ake buga shi. Wani lokaci, a can gidan buga kuɗi, wajen yin hatimin sai zanen ya hau sau biyu, na biyun ya ɗan goce. To, duk kwabon da wannan hatimi ya buga zai fito da haruffa tagwaye, kowanne cikakke, mai tudu, bakinsa a tsage kamar harshen maciji. Wannan shi ne tagwaye na asali, ɗan halak. Akwai kuma na bogi, wanda inji ne kawai ya yi tsalle wajen bugu, ya bar wata 'yar inuwa a baje kamar matakala. Wannan ko shayi ba zai saya maka ba. Bambance su kuwa..." Sai ya dakata, ya hura wa gilashi iska, ya goge. "Bambance su ba aikin kowa ba ne."

Abin haushin, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya haddace shi tsaf daga littafi. Inda gizo ke saƙa shi ne, shekara goma sha tara yana wa'azin tagwaye, bai taɓa tsintar ko guda ba. Maharbi ne da ya san sunan kowane naman daji, amma tukunyarsa ba ta taɓa jin ƙanshin ko zomo ba.

Sai a sanyin shekarar da ya cika saba'in da biyu ƙofar arziki ta buɗe.

Wata safiya yana zaune a teburin kicin, ya ɗora gilashi a idon dama, ya leƙa wani tsohon sule mai kan rago. Ya ɗago. Ya sake leƙawa. Ragon ƙaho huɗu gare shi. Haruffan da ke kewaye da shi kuwa kowanne na goye da ɗan'uwansa.

"Glenys! Glenys! Ajiye butar nan ki zo ki ga tarihi!"

Matarsa Glenys, mace mai ƙarancin magana da yawan aiki, ta goge hannu ta karɓi gilashi. Ta duba har ta gaji.

"Ni dai rago ɗaya nake gani, tsoho. Shi ma ya sha wuya."

"Ai dama," in ji shi. "Shekara arba'in da shida kina zaune da ni ba ki gane abin da ke gabanki ba, balle sule."

Daga ranar abin ya zama kamar an fasa rumbu. Kafin mako ya zagayo ya samo taro, wato tsabar kwabo uku, mai zangarniyar alkama shida maimakon uku. Ya samo kwabo mai kangaru da wutsiya biyu. Duk gwangwanin da ya zazzage sai ya haifi tagwaye. Kafin sanyi ya wuce sun kai arba'in da bakwai. Saboda tawali'u irin nasa bai sa musu sunaye masu wuya ba: Trevorrow na Ɗaya, Trevorrow na Biyu, haka har zuwa na Arba'in da Bakwai. Ya sa kafinta ya ƙera masa akwatin jan katako, aka shimfiɗa koren ƙyalle a ciki, kowane Trevorrow da ɗakinsa.

Mutum na farko da aka yi wa alfarmar leƙawa shi ne Merv Schulze, sakataren ƙungiya, tsohon mai gidan burodi, abokinsa na shekara talatin. Merv ne ke ɗauko shi a mota ranar taro, tun lokacin da ginshiƙin ƙofar gidan Mista Trevorrow ya koyi tare masa hanya ba gaira ba dalili.

Merv ya kafa ido a gilashi. Ya juya sule dama, ya juya hagu, ya kai shi bakin taga.

"Mutumina, na rantse ban ga komai ba. Ko dai gilashin ne, ko idona."

"Idonka ne," in ji Ido-Mudu cikin tausayawa. "Kada ka damu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Merv ya girme shi da shekara uku. Amma ya yi dariya ya bar zancen.

Sauran 'yan ƙungiya ma haka. Kowa ya leƙa, ya ce "Mmm," ya koma kan kek ɗinsa. Ba wanda ya ga dalilin ɓata wa tsoho rai a kan abin da ba ya cutar da kowa. Shugaba ya umarci sakatare ya rubuta cewa masana goma sun tabbatar baki ɗaya.

Ana cikin haka Madam Noelene Kouris, mai shagon soyayyen kifi da dankali, ta zo taro da wani kwabo ƙunshe a hankici. A gwangwanin biskit ɗin marigayi mahaifinta ta tsince shi. Ta ce ita dai ba ta san komai ba, amma kamar hoton sarauniyar da ke jiki hanci biyu gare shi.

Shugaba ya sa safa. Ya hura gilashi. Ya leƙa. Abin da ya gani ya sa shi murmushin manya.

"Madam, na yaba da ƙoƙarinki. Amma hanci huɗu? Haba. Ba a taɓa hatimi mai hanci huɗu ba tun da aka fara buga kuɗi. Wannan inji ne ya yi rawa, ya yi tsalle, ya sake yin rawa. Ki ba jikokinki su yi wasa da shi."

"Huɗu kuma? Ni biyu na ƙirga."

"Ke kifi kika saba ƙirgawa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Madam Kouris ta karɓi abinta. Ta naɗe kwabonta, ta aika wa ƙwararru a birnin Adelaide. Bayan mako uku ya dawo a rufe cikin 'yar roba mai haske, da takardar shaida cewa tagwaye ne na asali, ɗan halak, irin wanda masu tarawa ke nema ruwa a jallo. Ta sa aka yi masa firam, ta rataye a shago daidai inda duk mai jiran kifi dole ya gani.

Wani zai ce wannan ya isa ya sa mutum ya sassauta. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa.

"Mutanen birni!" in ji Shugaba a taro na gaba. "Hayaƙin mota ya cinye musu ido. Na tausaya wa baiwar Allah, an yaudare ta da takarda. Amma ba komai. Ranar baje kolin amfanin gona, a watan Oktoba, zan shimfiɗa arba'in da bakwai a kan teburi, duniya ta ga bambancin ilimi da sa'a."

Ya kama teburi mafi girma a rumfar baje koli. Ya gayyato mai ɗaukar hoton jaridar gari ya ɗauki kowane Trevorrow gaba da baya, don littafin da zai rubuta mai suna Abin da Idona Ya Gani. Ya kuma daina cin kifi ranar Juma'a, wai ƙaya ta yi masa yawa.

Glenys kuwa tana kallo. Ta ga ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi ya ce teburin ne ya karkace. Ta ga ranar da ya cire hula ya gaida akwatin wasiƙa. Ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki waya ta kama masa layi wajen likitan ido a birni.

Likita ya haska, ya auna, ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu. Za a fara cire ta dama, bayan mako shida a yi ta hagu. Ya ƙara da wani bayani, amma Mista Trevorrow bai ji ba, domin a lokacin yana koya wa likitan yadda ake riƙe gilashi.

Labarin bai karya masa gwiwa ba ko kaɗan. Ƙara masa tsawo ma ya yi.

"Ku yi tunani, jama'a! Da yana a ido na gano arba'in da bakwai. Da yana! To ranar da aka wanke mini idon nan fa? Ina tausaya wa masu rubuta littattafan kuɗi na ƙasar nan. Sai dai su ƙona na da, su sake sabon lale."

Da yake za su kwana biyu a birni, ya ce dukiya irin wannan ba ta kwana a gidan da ba kowa. Ya naɗe akwati da salatif, ya sa hannu a kai wuri uku, ya danƙa wa Merv a gaban shaidu. Merv ya rungume akwatin kamar jariri. Kwana biyun nan ko kanti bai je ba, don kada ya bar amanar abokinsa ita kaɗai.

Aiki ya yi kyau. Da aka cire bandeji duniya ta dawo wa Mista Trevorrow fes, kamar an wanke ta da sabulu. Ya ga ashe labulen falonsu shuɗi ne. Ya ga ganyen bishiya ɗaya bayan ɗaya. Ya juyo ya kalli matarsa, ya ja da baya.

"Glenys, yaushe kika tsufa haka?"

"Tun kana gani da kyau na fara, tsoho. Ba ka dai duba ba."

Da rana Merv ya kawo akwati, da burodi mai zafi na sannu da jiki. Bayan ya tafi, Shugaba ya yanke salatif, ya sa safa, ya ɗora gilashi a sabon ido, ya ɗauko Trevorrow na Ɗaya.

Rago ƙaho biyu.

Ya goge gilashi. Ƙaho biyu. Ya ɗauko taro: zangarniya uku. Ya ɗauko kwabo: kangaru da wutsiyarsa guda, kamar kowane kangaru na Allah. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har arba'in da bakwai, gumi na keto masa. Babu tagwaye ko na rantsuwa.

Ƙaramin mutum in ya shiga irin wannan hali yakan zauna ya yi tunani. Babban mutum ba ya ɓata lokaci a tunani, hukunci yake yankewa. Kafin shayinsa ya huce Mista Trevorrow ya gano komai: an musanya masa dukiya. Kuma a hannun mutum ɗaya ta kwana.

Ya kira taron gaggawa ranar Asabar. Ya gayyato Saje Hutchins, ɗan sandan gari, wanda ya zo don ya ji an ce da kek.

Shugaba ya miƙe, ya dafa akwati.

"Jama'a, zuciyata ta yi nauyi. Na ba da amana, an ci. Na ba da zinariya, an dawo mini da tsakuwa. Ba zan ambaci suna ba, domin ni mutum ne mai kara. Zan dai ce wanda ya yi wannan aiki yana zaune a hannun damana, yana riƙe da biro."

Kowa ya juya ya kalli sakatare. Merv ya ajiye biron a hankali. Fuskarsa ta yi fari kamar garin fulawar da ya shekara arba'in yana kwaɓawa. Shi ne ya gasa kek ɗin bikin 'yar Trevorrow bai karɓi ko sisi ba. Shi ne ya kwana uku yana kai Glenys asibiti lokacin da ta karye. A garin da kowa ya san kowa, kalmar ɓarawo in ta manne wa mutum, har kabari take raka shi.

"Lindsay," ya ce, "ni? Ni kake nufi?"

Saje Hutchins ya haɗiye kek, ya fito da ɗan littafinsa.

"Yallaɓai, da aka dawo da akwatin, salatif ɗin a yanke yake?"

"A'a. Ƙwararren ɓarawo ne."

"Sa hannun naka fa?"

"Suna nan duka uku. Na faɗa maka ƙwararre ne."

"An ce an ɗauki hotunansu kafin ka tafi."

Aka kawo hotuna aka baje. Saje ya jera kowane hoto kusa da kwabonsa. Tsatsa ɗaya, tabo ɗaya, ƙaho biyu a hoto, ƙaho biyu a sule. Shugaba ya leƙa da gilashi, ya ɗago ido a zare.

"Kun gani! Har hotunan ya musanya!"

A nan ne Glenys, wadda shayi kawai ta zo kawowa, ta ajiye buta. Ta taka har gaban mijinta. Ba ta ce a ba ta izinin magana ba, abin da ya saɓa wa doka ta goma sha huɗu. Ta sa tafin hannu ta rufe masa idon dama.

"Duba da na hagu."

"Mace, wannan taron masana ne..."

"Duba, na ce."

Ya mayar da gilashi idon hagu, wanda likita bai taɓa ba tukuna. Ya sunkuya kan sule. Sai ya daka tsalle.

"Sun dawo! Ga su nan! Ƙaho huɗu! Saje, rubuta, ya ji tsoro ya dawo da su!"

Glenys ta janye hannu ta rufe na hagu. "Yanzu fa?"

Ya duba da na dama. Ya sake leƙawa.

"Sun... sun fita."

Ta sake rufe na dama. Suka dawo. Ta rufe na hagu. Suka fita. Sau uku tagwayen Trevorrow suna shiga suna fita kamar kaji a akurki.

"Likita ya faɗa maka," in ji Glenys. "Yanar ido takan sa mutum ya ga abu ɗaya ya zama biyu. A gabana ya faɗa. Kana can kana koya masa aikinsa." Ta sake rufe masa idon dama, ta ɗaga masa haɓa. "Saje nawa ne a ɗakin nan?"

Ido-Mudu ya daɗe yana kallo.

"Biyu," ya ce, da wata 'yar murya da ba a san shi da ita ba.

Saje Hutchins ya rufe littafinsa. "To, mu biyun mun kammala bincike."

Madam Kouris ce ta fara. Ta toshe baki da hankici, dariya ta fi ƙarfin hankicin. Daga nan zaure ya ɗauka. Wani tsoho ya ƙware da shayi sai da aka bubbuga masa baya. Merv kaɗai ne bai yi dariya ba.

Shugaba ya gyara sarƙa, ya yi gyaran murya.

"Ina farin cikin sanar da cewa bincike ya wanke Mista Schulze, kamar yadda na yi zato tun farko..."

"Ban ji ba," in ji Merv.

"Na ce bincike..."

"Lindsay," in ji Glenys. Sunan kawai ta kira.

Ya kalli takalminsa. Da sabon idon ya ga ashe ɗaya baƙi ne, ɗaya ruwan ƙasa. Ya ɗago ya kalli abokinsa, wanda ya gani sarai a karon farko cikin shekaru: tsoho, mai furfura, idonsa ya kawo ruwa.

"Merv, na zalunce ka. Ka yi haƙuri."

Merv ya dube shi. Sannan ya ɗauki biro.

"Maimaita a hankali, mutumina. Wannan sai ya shiga littafin taro. Ba a taɓa samun irinsa ba, ya fi duk abin da ke cikin akwatin nan wuyar samu."

Ya rubuta, ya sa kwanan wata, ya sa Saje ya sa hannu a matsayin shaida. Sannan ya yanko kek mafi girma ya tura wa Shugaba. Da aka tashi kuma shi ya mayar da shi gida a mota, kamar kullum.

Teburin baje koli masu kabewa aka ba. Littafin bai fito ba. Jama'a suka ɗauka Mista Trevorrow zai sauka daga mulki, wanda ya nuna ba su san manyan mutane ba. Da zaɓen ƙarshen shekara ya zo, ya sake tsayawa. Mutum biyar suka ɗaga hannu cikin goma sha ɗaya. Ya rufe idon dama ya ƙirga da kansa, ya samu goma, ya gode wa jama'a bisa wannan gagarumin rinjaye. Ba wanda ya yi ƙorafi, don shugaba ne ke jera kujeru kafin taro.

Aikin idon hagu kuwa sau huɗu asibiti na bugo waya, sau huɗu yana ɗage ranar. Ya bayyana wa Glenys cewa na dama na karatun jarida ne da gane mutane, na hagu kuwa na bincike ne, kuma ba a wasa da kayan bincike.

Har yau, duk Lahadi bayan an taso coci, yakan zauna a baranda, ya sa farar safa, ya runtse idon dama, ya buɗe akwatin jan katako. Dukiyarsa na nan lafiya lau, arba'in da bakwai cif, a ma'ajiyar da babu ɓarawon da ya isa ya shiga. Abu ɗaya kawai take tsoro a duniya: likita.